Ƙanƙarar da Na Kawo Jidda

Tun da na dawo, duk wadda ta gan ni da tambaya ɗaya take farawa: "Ummi, wai akwai sanyi?" Ƙawayena na unguwar Bani Malik sun yi ta, waɗanda muka yi islamiyya tare sun yi ta, har wadda ta bugo waya daga Kano ba ta ce mini sannu da hanya ba sai da ta ji amsa. To, akwai. Na amsa a rubuce, kowa ta karanta ta huta. Masu son labarin tsuntsayen nan da ke tafiya kamar dattawa sun fito daga walima, ku yi haƙuri, ban ga ko ɗaya ba. Mu can tsakiyar ƙasar aka kai mu, inda tsuntsu ma bai ga dalilin zuwa ba. Labarin da nake da shi na dawowa ne, kuma rabinsa labarin wata kular abinci ce.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: jami'ar da nake karatu a Cape Town ce ta sa ni cikin tawagar da ke haƙo tsohuwar ƙanƙara a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. A cikin ƙanƙarar akwai 'yan ƙananan kumfa na iskar da ta maƙale shekaru dubbai, ita muke aunawa don a san yadda duniya take a da.

Da na zo hutu gidanmu a unguwar Sharafiyya ta Jidda na faɗi maganar, Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Gwaggo Larai, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan, ta tafa hannu. Kafin la'asar matan layinmu sun cika falo, Hajiya Zinaru maƙwabciyarmu a gaba.

"Budurwa, cikin maza, a ƙasar da ba masallaci ba ladan," in ji ta. "Ni dai ban taɓa ji ba."

Sitti ce ta tsaya mini, kakata ta wajen uba, wadda aka sa mini sunanta. Tana yarinya aka taho da ita a ƙafa daga Haɗeja, ta Chadi da Sudan, shekaru suna hanya kafin su ga Bahar Maliya. Yanzu idanunta sun yi rauni, sai haske da inuwa take gani, amma bakinta lafiya lau.

"Ni da aka jawo ni a ƙasa har nan, wa ya ce na yi ƙanƙanta?" in ji ta. "Takwarata za ta je, za ta dawo. Kuma za ta kawo mini ƙanƙarar da Allah ya daskarar da kansa. Duk wadda na sha a rayuwata ta firiza ce."

"Allah ya nuna mana," in ji Hajiya Zinaru. "Kada dai a tsaya a shagon baƙalar bakin layi a sayo, a ce ta can ce."

Aka yi dariya, Sitti ba ta yi ba. Ranar tafiyata ta sa aka cika mini babbar kularta mai ruwan goro da dambun nama, ta ɗora hannuna a kan murfin.

"Kin san dai ba a mayar wa mutum da kwanonsa haka nan."

Na sani. Na kuma san cewa in na dawo hannu rabbana, ba ni za a yi wa dariya ba. Tsohuwar da ta yi magana a gaban layi gaba ɗaya ita za ta zauna da abin har ƙarshen kwanakinta, bango ɗaya tsakaninta da Hajiya Zinaru.

Sansaninmu 'yan tantuna ne a kan farin fili wanda ba shi da gefe. Rana ba ta faɗuwa, zagaye kawai take yi kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Da agogon Cape Town nake salla, in yi isha'i rana na dukan tanti, in ji kamar na yi wa wani wayo. Ba ƙuda, ba kyanwa, ba warin komai. Ni da na tashi a layin da tun daga bakin titi za ka san gidan da ke soya albasa, sai na riƙa buɗe kular Sitti ina shaƙa.

Abin da ya fi ba ni dariya ruwa ne. A Sharafiyya, in famfo ya ɗauke, jiran motar ruwa muke yi, wayit, ana leƙe ta taga ana addu'a. Na ce to, na zo ƙasar da ruwa ne ƙasarta. Ashe nan ma rabo ake. Kowa sai ya ɗauki shebur ya zuba dusar ƙanƙara a tukunyar narkarwa, kuma wanka sai an daɗe ake kaiwa kanka. A kan ruwa nake tsaye, a kan ruwa nake kwana, ina alwala da rabin kofi.

Mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarsu kalma ɗaya ce. Da farko nakan tambayi kowa ya kwana, ya gajiya, ya sanyi, ya labarin gida. Wani injiniya ya ɗauka da gaske nake son sani, ya zaunar da ni ya ba ni labarin rabuwarsa da matarsa tun daga farko. Daga ranar na koma kalma ɗaya.

Dokar wurin kuwa ita ce ba ka ɗaukar komai, ba ka barin komai. Ko tsakuwa ba a sakawa a aljihu. Shara kuma, har abin da mutum ya bari a bayan gida, a ganguna ake rufewa a kwashe a jirgi. Na yi tunanin matan layinmu: ƙasar da ba kasuwa, ba tsaraba, kuma baƙo ya tafi da dattinsa. Da sun ce mutanen nan ba su iya karɓar baƙi ba.

Saboda haka da kunya na je wurin shugabarmu, Farfesa Marit, doguwar mace mai furfura wadda ba ta ɓata magana. Ita ce a makon farko ta jefa ɗan ɓallin ƙanƙara a kofin ruwa ta kara mini a kunne, na ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ana soya abu a gida mai nisa. Tsohuwar iskar ce ke fita. Na roƙe ta wani guntu da ya tsage wajen haƙa, wanda ba zai aunu ba, za a zubar.

"Me kakarki za ta yi da shi?"

"Za ta nuna wa maƙwabciyarta."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Dalili ne mai kyau. Mu ma abin da muke yi da tamu ke nan, sai dai maƙwabtanmu jami'o'i ne."

Dambun ya riga ya ƙare, mai girkinmu ya gano yana gyara kowace miya ta gwangwani. Na wanke kular, na naɗe ƙanƙarar a sabuwar safar ulu, na saka. Ta cika kular dam, sai da na danna murfin. Har na tsara yadda zan miƙa ta: a kan farantin gilashi, falo ya yi tsit, ni kuma in faɗi wasu 'yan kalmomi da na daɗe ina gyarawa a zuciyata game da iska da lokaci da tafiya.

Daga nan aka shiga jiran jirgi. A can ba a cewa jirgi zai zo ranar kaza, sai dai in iska ta yarda. Mai girki ya yi mana liyafar bankwana, aka rungumi juna da waɗanda za su zauna, wasu har da hawaye. Gari ya waye, in ma za a kira shi wayewa, iska ta taso, jirgi bai zo ba. Aka sake liyafa. Bai zo ba. A nan na gane Turawa ba su san yadda za su yi da mutumin da suka riga suka yi wa bankwana ba. Sai su riƙa sunkuyar da kai in mun haɗu a tantin cin abinci, kamar na kama su da ƙarya. Mu kuwa a gida, a yi sallama a falo, a sake a bakin ƙofa, a raka ka bakin titi, can a tuna wata magana a dawo a zauna. Ni kaɗai ce ban ji komai ba. Kullum sai in sake yi musu sai wata rana da zuciya ɗaya.

Da jirgin ya zo, ɗan ƙarami ne, a maimakon tayoyi wasu dogayen farantai ne a ƙafafunsa yake sulɓi a kansu. Ya kai mu wani fili kusa da gaɓar teku inda ƙanƙarar ta yi shuɗi, ta yi tauri har babban jirgi na sauka. Babban kuwa na kaya ne, matuƙansa 'yan Rasha, ba taga, ba murmushi. Aka jera mu a gaba, gangunan da na faɗa muku a bayanmu. Na bar ƙasa mafi tsabta a duniya ina zaune a gaban abin da ya sa ta zama mai tsabtar.

Ƙara ba ta barin magana, sai nuni. Da muka yi nisa, ɗumi ya fara shigowa, mutane suka shiga tuɓe riguna ɗaya bayan ɗaya kamar ana ɓare albasa. Hancina da ya yi makonni yana hutu ya koma aiki, kuma abin da ya fara ji mu ne. Kowa na murnar ɗumin. Ni kaɗai na rungume kula a cinya ina jin kowane ɗigon gumi kamar daga jikinta yake fita.

A Cape Town, da aka buɗe ƙofa, ƙamshin ciyawa ya buge ni har na tsaya a kan tsani na hana na baya wucewa. Jami'in shige da fice ya juya fasfona gaba da baya.

"Daga wace ƙasa kike?"

"Ba ƙasar kowa ba ce."

"Ba su buga miki hatimin fita ba?"

"Ba mai bugawa."

Ya duba koren fasfon Najeriya, ya duba wurin haihuwa ya ga Jidda, ya duba takardar karatu ta ƙasarsu. "To ke 'yar ina ce?"

Tun ina firamare ake mini tambayar nan, da Larabci, da Hausa, da Turanci. A kan ƙanƙara ne kaɗai ba wanda ya yi ta, ba wanda ya ce ina iƙama, takardar zama, wane ne kafili da ya tsaya miki. Da na sake jin ta sai na ji wani irin daɗi. Na tabbata na dawo cikin mutane.

Ɗakunan ɗalibai a rufe suke don hutu, sai na sauka a gidan baƙi na wata dattijuwa Musulma, Anti Faruza, a wata unguwa mai gidaje kala-kala a gindin dutse. Da ta ji Jidda za ni, ta kama fuskata da hannu biyu kamar ni ce Makkan. Na ce mata tsakaninmu da Harami akwai tafiya, kuma a layinmu abin da aka fi gani shagunan gyaran waya ne. Ba ta saurara ba. Ta ba ni sunayen 'ya'yanta da jikokinta da abin da za a roƙa wa kowa. Ta ajiye mini shinkafa da naman da aka dafa da kayan ƙamshi, amma ni tumatir ɗanye na sa wa ido. Na cinye na faranti, na cinye na ado. Da magariba ta yi na fita tsakar gida na tsaya ina kallon rana tana faɗuwa, abin da take yi kullum ba wanda ya gode mata.

Ƙanƙarar na ciro daga kula na sa a firizar Anti Faruza, tsakanin kifi da kaji. Na ce mata tsarabar kakata ce. Ta ce, "Allah sarki," da muryar da ake yi wa marar lafiya.

Washegari na fita neman tikiti da 'yan kunne na Gwaggo. Na dawo bayan azahar na tarar da Anti Faruza a bakin ƙofa tana fifita da jarida. An ɗauke wuta tun safe, a lokacin abin ya zama ruwan dare a garin. Kuma don kada kifinta ya lalace, ta buɗe firizar ta kwashe shi ta soya, ta bar murfin a buɗe ya sha iska.

Safar ta jiƙe sharkaf. Na ɗaga ta, ta yi sauƙi a hannu. Abin da ya cika kula ya koma kamar babban mangwaro, yana ƙarnin kifi. Shekaru dubbai tana zaune lafiya, wuni ɗaya a hannun 'yan Adam ya ci rabinta. Na ruga shagon kusa da takalmin wanka na sayo jakar ƙanƙara, na wanke tawa, na sake naɗe ta, na jera ta shago kewaye da ita kamar dogarai. Mai shagon ya tambaye ni ko biki muke yi. Na ce a'a, ƙanƙara nake sanyayawa.

A filin jirgin Johannesburg, inda zan canza zuwa na Jidda, na ƙi sa kular cikin kaya. Na ga yadda ake jifa da akwatuna, na kuma san akwatin da ya ɓata sai ya kwana uku yana yawo a rana. A wurin bincike wata ma'aikaciya mai faɗin kafaɗa ta tsayar da ni. A shekarun nan an hana shiga jirgi da ruwa.

"Mene ne a ciki?"

"Ƙanƙara."

Ta buɗe. Ta shagon duk ta narke, tawa na iyo a tsakiya cikin safarta.

"Wannan ruwa ne, 'yar uwa."

"Na gefen ne ruwa. Ta tsakiyar ba ta zama ba tukuna."

Ta kira wata, suka yi shawara da yarensu suna kallona. Hukuncin da suka yanke shi ne daskararren zai wuce, ruwan kuwa a zubar. Ta nuna mini kwandon shara. Na tsaya. Na san a cikin ruwan nan akwai rabon Sitti da ya narke, ba zan iya zuba shi kan ɓawon ayaba ba. Na ciro safar na riƙe a hagu, na kafa kai na shanye. Ruwan sanyi mai ɗanɗanon ulu da ɗan kifi, kusan rabin kula. Da na sauke, ma'aikaciyar ta ce, "Kakar nan taki, Allah ya sa ta san abin da ake yi dominta."

Jirgin Jidda cike yake da masu umra. Kafin mu kai miƙati maza suka shiga canza kaya, suka fito da harami, zane biyu, kafaɗa a waje, sanyin jirgi na kaɗa su suna rawar ɗari suna roƙon bargo. Ni da na fito daga inda numfashi ke daskarewa a gashin ido, gumi nake. Na roƙi ma'aikaciyar jirgi ta sa mini kular inda suke ajiye lemo. Ta tambaya ko magani ne. Na ce, "Na tsohuwa ne." Ban yi ƙarya ba, ita ta ƙarasa sauran a ranta.

Matar da ke kusa da ni ta nuna mini jarkoki biyu da ta lanƙwashe a jaka, na zamzam da za ta koma da shi. Jirgi guda, kowa zai je ɗebo ruwa ya kai gida. Ni kaɗai ce na ɗauko ruwa zan kai Hijaz. Ruwan da na sha kuma bai bar ni na zauna ba, na haddace hanyar bayan gida har masu talbiyya suka riƙa matsa mini tun kafin in yi magana.

Na zura abayata kafin mu sauka. Da na fito, iskar Jidda ta rufe ni kamar jiƙaƙƙen tawul mai zafi, warin teku da man jirgi. Na yi kewarta, ban san na yi ba. Layinmu na masu iƙama ya yi ta ja, ni ina lissafin abin da kowane mutum a gabana ke ci daga cikin kular. A kwastan wani saurayi mai gyararren gemu ya ƙwanƙwasa murfin.

"Esh hada?" Wato mene ne wannan.

"Talj," na ce. Ƙanƙara.

Ya buɗe, ya zare safar da yatsa biyu, ya shinshina ko giya ce aka daskarar. Ya ɗaga ta a haske. Ta koma kamar dunƙulen hannuna.

"Daga ina?"

Na faɗa masa. Ya kira abokinsa: "Ta'al, zo ka ga wadda ta kawo mana ƙanƙara daga ƙarshen duniya." Abokin ya ce, "Ya binti, an gaya miki tamu ta ƙare ne?" Suka riƙa miƙa wa juna ita a tafin hannu mai ɗumi, ruwa na ɗiga a kan tebur, ni ina murmushin da ake yi wa mai hatimi. Can na ce, "Ta kakata ce, tana jira." Na farkon ya daina dariya nan take, ya mayar da ita da kansa ya rufe. "Halas, yalla. Ki gaishe da hajja."

Baba na waje da tsohuwar motarsa, ya roƙi rana a wurin mutanen da yake yi wa tuƙi a Abhur. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Hamdillah alas-salama. Kin yi baƙi. Ba ƙasar sanyi aka ce ba?"

"Ranar can ba ta faɗuwa, Baba."

"To." Ya kalli kular. "Tana ciki?"

"Saura kaɗan."

Sai ya taka mota yadda ban taɓa ganin ya yi ba. Mukayyif ɗin motar, na'urar sanyaya iska, ya lalace tun bara, iskar zafi kawai yake hurawa. Muka faɗa cunkoso a titin Madina. Na ce ya tsaya a wata baƙala in ƙara ƙanƙara, muna isa ana kiran la'asar, mai shago na jan ƙofarsa a kan idonmu. Duk shagunan garin suka rufe a tare, kamar yadda suka saba. Baba ya cire hularsa ya kifa a kan kular. Ban san me hula za ta yi ba, amma na gode masa.

Gidanmu ya cika har matakala. Guɗa, turaren wuta, hannuwa ta ko'ina. Wata ta karɓi jakata, wata ta karɓi kular, ban ma ga ko wace ce ba, don Sitti ta riga ta kama fuskata tana shafawa tana cewa, "Takwara, duk kin dawo? Ba abin da sanyi ya cire?" Gwaggo Larai ta ja ni ciki. "Wuce ki watsa ruwa ki yi salla, kina warin jirgi. Mutane ba za su gudu ba."

Na yi sauri, wallahi na yi sauri. Na fito na ɗauko farantin gilashin da na tsara, na shiga kicin. Kular na kan teburi a buɗe, an ɗauraye ta an kife. Safar na rataye a bakin famfo. Gwaggo na goge taɓarya.

"Gwaggo, abin da ke cikin nan fa?"

"Ƙanƙarar? Allah ya yi miki albarka da kika tuna kika tsaya kika saya. Tamu ta ƙare tun azahar, kin ga jama'a. Sai dai 'yar kaɗan ce, kuma wa ya ce miki a safa ake sawa?"

Baƙo ya shigo gida, ruwan sanyi ake fara ba shi. Wannan ko a mafarki Gwaggo ba za ta saɓa ba. Ta daka ta, ta watsa a babban jug, an riga an fita da shi.

Na fito falo da farantin a hannu ba komai a kai. Kalmomin da na yi makonni ina gyarawa ko ɗaya ban tuna ba. Kofuna na zagayawa. Hajiya Zinaru ta kurɓi nata ta gyara zama.

"To, 'yar Antatika, sannu da dawowa. Ina tsarabar Hajiya? Ko tana cikin akwati?"

Na buɗe baki. Sitti ce ta ɗaga hannu.

"Ku yi shiru."

Ba a yi ba.

"Na ce ku yi mini shiru! Larai, me kika sa a ruwan nan? Wa ke suya a cikin kofina?"

Falo ya yi tsit, irin tsit ɗin da na so, ba ta hanyar da na so ba. Sitti ta kara kofin a kunnenta, idanunta a rufe. Daga inda nake tsaye ina iya ji, ƙas, ƙas-ƙas, siriri, daga kofinta, daga jug, daga kofunan da ke hannun mata. Ɗaya bayan ɗaya suka kai kunne.

"Ita ce, Sitti," na ce. "Iska ce a ciki. Ta shiga tun kafin a haifi kakannin kakanninki, ba ta samu fita ba sai yau."

Ta daɗe tana saurare. "Allah sarki," in ji ta a hankali. "Ita ma ta daɗe a hanya."

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati a bakin kicin. Sitti ta miƙa hannu gefen da ta san maƙwabciyarta take.

"Zinaru, sa kunnenki. Ta baƙalar bakin layi tana magana?"

Hajiya Zinaru ta kara nata kofin, wanda ta riga ta sha rabi. Ta saurara, ta sauke, ta leƙa ciki, ta sake karawa.

"Ba ta yi," in ji ta. Can kuma, ƙasa-ƙasa: "Larai, in akwai saura a ɗan zuba mini a kwalba. Gwiwar nan tawa."

Sitti ta shanye nata a kurɓi uku, tana zaune, da bismilla. Na tambaye ta yaya ta ji.

"Ruwa ne," ta ce. "Da ɗan kifi."

Abin da ya rage a jug ta sa aka juye a kwalba aka ajiye a ɗakinta. Sai ta yi masa yadda alhazan da ta yi shekaru tana sallama suke yi wa zamzam in sun isa gida mutane sun yi yawa: duk wanda aka ɗiba, a cika da na famfo. Ana zuwa daga Bani Malik, har daga Makka an aiko. Hajiya Zinaru ta ce gwiwar ta yi sauƙi, ita ce ma yanzu ke ba baƙi labarin tafiyata, da tsuntsayen da ban gani ba.

Kafin in koma makaranta na zauna kusa da Sitti na yi mata bayani a hankali, yadda aka koya mini, cewa bayan wannan ƙari da aka yi ta yi, abin da ke cikin kwalbar nan yanzu ruwan wayit ne zalla.

Ta lalubo kwalbar ta matsar da ita bayan matashinta.

"Takwara," ta ce, "kawowa aka aike ki. Ba wanda ya ce ki auna."